Binciken Sake Ƙulluwar Maganaɗisu Daga Ƙauye: Tauraron Ɗan'adam, Kwamfuta, Ma'aunin Ƙasa Ko Ɗakin Gwaji?

Wannan rubutu na wanda ya karanta fiziks ne a Bayero ko Wudil ko Dutse ko Kafin Hausa, ya gama bautar ƙasa, ya koma gida yana koyarwa a wata sakandare a Ringim ko Sumaila ko Gwaram, amma zuciyarsa tana kan digiri na biyu, kuma abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne yadda layukan maganaɗisu ke tsinkewa su sake ƙulluwa a cikin filasma. Irin wannan ɗalibi yakan tsaya a wuri guda: da wane kayan aiki zai yi binciken, yana zaune inda wuta sai ta ga dama, sabis kuma sai an fita bakin titi? Hanyoyi huɗu ne a gabansa, kuma ba ɗaya suke ba ko kusa.

Abin da ake nema a gano

Filasma iskar gas ce da ta yi zafi har elektaron suka rabu da ƙwayoyin zarra. Rana filasma ce, iskar da take hurowa zuwa duniya ma haka. A cikinta layukan maganaɗisu a maƙale suke, inda filasma ta nufa can suke bi. Amma idan layuka masu fuskantar saɓanin juna suka matsu a wani siririn wuri, maƙalewar takan warware: su tsinke, kowane guntu ya ƙullu da na ɗaya ɓangaren, sabon layin da ya fito a lanƙwashe ya miƙe da ƙarfi ya cilla filasma waje, kamar danƙon harbin tsuntsu da aka ja aka saki. Daga nan ƙarfin fashewar da ake gani a fuskar rana yake fitowa. Nan ne kuma ƙofar da iskar rana ke bi ta shigo garkuwar maganaɗisun duniya, kamar yadda James Dungey ya bayyana a 1961.

Gardamar a kan sauri take. Lissafin Peter Sweet da Eugene Parker na 1957 da 1958 ya nuna cewa a sararin rana filasma za ta riƙa shiga wurin ƙullin da gudun da bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na gudun Alfvén ba (gudun da girgiza ke bi a kan layukan maganaɗisu cikin filasma), wato fashewar da ke ƙarewa cikin mintoci sai ta ɗauki watanni ko fiye. Harry Petschek ya kawo mafita a 1964, amma kwaikwayon kwamfuta na Dieter Biskamp a 1986 ya nuna tsarin Petschek ba ya tsayuwa da kansa idan turjiyar lantarki iri ɗaya ce ko'ina. Yau amsoshi biyu ne suka fi ƙarfi. Ta farko: a siririn wurin, ayon, wato zarrar da ta rasa elektaron, sukan rabu da layukan tun kafin elektaron su rabu, wannan rabuwar kuma tana buɗe bakin mafita, gudun shiga ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na gudun Alfvén; gwajin kwaikwayon kwamfuta na haɗin gwiwa mai suna GEM a 2001 ne ya kafa wannan. Ta biyu: idan siririn wurin ya yi tsawo da yawa sai ya kakkarye ya zama jerin ƙananan dunƙulen filasma, abin da Loureiro da Schekochihin da Cowley suka lissafa a 2007, kuma yana farawa ne idan lambar Lundquist, wadda ke ƙaruwa da tsawon wurin da ƙarancin turjiyar lantarki, ta wuce kimanin 10,000. Me ya sa adadin 0.1, wato kashi ɗaya cikin goman nan, ke ta dawowa a wurare mabambanta, kuma ina ƙarfin da aka saki yake tafiya? Har yanzu ana aiki a kai, kuma nan ne ɗalibi zai iya samun gurbin sa hannu.

Ma'aunan zaɓi

Kafin kuɗi da komai, ma'auni na farko shi ne: kayan aikin yana ganin ƙullin kansa, ko kuwa inuwarsa yake gani daga nesa? Wannan ne aka fi mantawa, kuma shi ne ke sa a zo ranar kare bincike malami na waje ya ce take daban, aiki daban. Sai kuɗi, na sayen farko da na yau da gobe. Sai ɗorewa, wadda a wurinmu tana nufin zafin bazara da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu, tsawar damina da ɗauke wuta. Tana kuma nufin ko abin da ka koya zai amfane ka bayan an ba ka takardar. Sai sauƙin koyo, haɗe da samun malamin da zai iya duba aikin. Na ƙarshe haɗari, na jiki da na shafe shekara biyu babu sakamako.

Hanya ta farko: bayanan taurarin MMS

A watan Maris na 2015 hukumar NASA ta Amurka ta harba taurarin ɗan'adam huɗu iri ɗaya, MMS, don wannan tambaya kaɗai. Suna tafiya a jere mai siffar dala, wani lokaci tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi kilomita 7 ba, saboda wurin da elektaron ke rabuwa da layukan 'yan kilomitoci ne kacal, a bakin garkuwar duniya mai nisan kilomita 60,000 zuwa 70,000 ta ɓangaren rana. Na'urarsu tana auna elektaron duk bayan milisakan 30, ayon kuma duk bayan milisakan 150. Ranar 16 ga Oktoba 2015 suka ratsa ta tsakiyar irin wannan wuri, James Burch da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a 2016. A 2018 Tai Phan da tawagarsa suka nuna wani nau'in ƙulli da elektaron kaɗai ke yi ba tare da ayon ba. Aikin ya ci sama da dala biliyan ɗaya, amma bayanan kyauta ne ga kowa, a ma'ajiyar jami'ar Colorado da kuma CDAWeb ta NASA. Wanda ke zaune a Babura yana sauke fayil ɗin da ɗalibin Faransa yake saukewa, harafi da harafi.

A ma'auni na farko babu wadda ta kamo wannan hanya, domin awo ne daga cikin wurin da abin ke faruwa. Kuɗinta kwamfutar tafi-da-gidanka matsakaiciya, ko da ta hannu ce daga Beirut Road muddin batirinta na riƙe caji, da faifan ajiya na waje, da data. Datar ce ke buƙatar dabara. Fayilolin ƙarfin maganaɗisu da na taƙaitaccen awon filasma ƙanana ne. Waɗanda ke ɗauke da cikakken rabon gudun elektaron su ne masu lashe data. Kada ka ce za ka sauke na wata guda. Zaɓi lokuta ƙalilan, kowanne na 'yan mintoci, ka sauke su ranar da ka shiga jami'a ko cikin dare lokacin da data ke araha, ka ajiye kwafi biyu. Daga nan ba ka buƙatar intanet sai jefi-jefi.

Koyonta yana da tudu a farko. Sai ka iya yaren kwamfuta na Python, ka saba da pySPEDAS, manhajar sauke bayanan da zana su, wadda ita ma kyauta ce, sannan ka fahimci yadda ake juya awo zuwa tsarin kusurwoyin da ya dace da shimfiɗar siririn wurin. A nan yawancin masu farawa ke tuntuɓe: kusurwa ta karkace kaɗan, adadin saurin ƙulli ya fito daban, mutum bai sani ba. Maganinsa ka fara da ranar 16 ga Oktoba 2015 ɗin nan, ko ta 11 ga Yuli 2017 a wutsiyar garkuwar duniya, wato ɓangarenta da ya ba rana baya, waɗanda an riga an tantance su, ka ga ko zanenka zai yi daidai da wanda aka wallafa. In ya yi, ka san hannunka ya faɗa, sai ka nemi lokacin da ba a taɓa ba.

Rauninta na ilimi shi ne maki huɗu kawai kake da su a cikin sarari mai faɗi, kuma abin ba ya maimaituwa. Ba ka da ikon cewa a sake, a ƙara wannan a rage wancan. Haɗarin jiki babu. Haɗarin da ke akwai shi ne kaɗaici, domin masu duba irin wannan aiki a jami'o'inmu ba su da yawa, kuma malami ba zai sa hannu a kan abin da ba zai iya karewa ba. Tun kafin ka sayi fom ka nemi wanda ke aikin yanayin sararin samaniya ko na saman iska, ka kai masa zanen da ka riga ka yi, ka ce, "Malam, ga abin da na iya zuwa yanzu, ko za a duba mini?" Zane a hannu ya fi dogon bayani buɗe ƙofa.

Hanya ta biyu: kwaikwayo a kwamfuta

Nan kai ne mai iko. Ka shimfiɗa layuka masu saɓani bisa tsarin Harris na 1962, wato lissafin siririn wurin kafin ya tsinke, ka ɗan taɓa tsakiya, ka zuba ido. Manhajojin kyauta ne: PLUTO da Athena++ suna ɗaukar filasma a matsayin ruwa mai gudana, Smilei da EPOCH da VPIC kuma suna bin ƙwayoyi ɗaya-ɗaya. Bambancin yana da nauyi. Nau'in farko yana gudu a kwamfutar gida, zai nuna maka jinkirin Sweet da Parker da idonka, in ka matsa masa kuma ka ga siririn wurin ya fara kakkaryewa. Amma ba ya ganin rabuwar ayon da elektaron sai an ƙara masa sashen Hall, wato lissafin da ke kula da bambancin motsinsu. Nau'i na biyu yana gani, sai dai yana cin kwamfuta. Furoton ya fi elektaron nauyi sau 1,836, kuma lissafi da wannan adadi sai manyan injuna. Shi ya sa gwajin GEM ya rage shi zuwa 25. Da wannan ragin, a fuska biyu (tsawo da faɗi kawai), kwamfuta mai ƙarfi za ta iya maimaita gwajin in ka yi haƙuri.

Kuɗin farko ya fi na hanyar MMS nesa: kwamfuta mai ƙwaƙwalwa da yawa, da sola da inbata da batirin da zai kai safiya, domin lissafin yakan kwana yana tafiya. Data kuwa kusan ba ta ci. A ɗorewa ne ƙauye ke nuna hali. Injin da ke aiki da dukkan ƙarfinsa a ɗakin kwano a watan Afrilu zai rage gudu da kansa ko ya mutu, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Ka riƙa kunna shi da dare, ka ɗaga shi daga kan katifa ko tabarma, ka kuma saita manhajar ta riƙa ajiye inda ta kai lokaci-lokaci, don in batir ya ƙare ka ci gaba daga nan. Kwamfutocin aro na intanet irin su Google Colab suna da amfani wajen koyo, amma na kyautan yana yankewa, ba a dogara da shi a dogon lissafi.

Ita ce mafi wuyar koyo cikin ukun da ake yi a gida, don sai ka saba da Linux da harhaɗa manhaja, ka kuma san lissafin da ke ƙarƙashi. Babban haɗarinta hoto mai kyau. Kwamfuta ba ta ƙin ba da amsa. Idan ragar lissafin, wato ƙananan gidajen da ake yanka sararin zuwa gare su, ta yi faɗi, kuskuren lissafi da kansa zai tsinke layukan, ka samu ƙulli mai sauri wanda babu shi a duniya. Duk sakamakon da bai tsaya ba bayan an ninka yawan ragar, ba sakamako ba ne. A ɗaya gefen, ko ka bar fiziks gobe, wannan ƙwarewa tana ciyar da mai ita.

Hanya ta uku: ma'aunin maganaɗisu a gona

Wannan ce ta fi jan rai, kuma da dalili. Arewacin Nijeriya yana dab da ikwaitan maganaɗisu, inda layukan duniya ke kwance daidai da ƙasa, kuma a samansa, kimanin kilomita 100 zuwa 110, wata igiyar lantarki tana gudu gabas da rana. Sydney Chapman ne ya raɗa mata suna equatorial electrojet a 1951, Farfesa Cyril Onwumechili kuma ya yi suna a duniya da bincikenta tun daga Ibadan. Tashoshin awon maganaɗisu na MAGDAS na jami'ar Kyushu ta Japan an kafa su a Legas da Ilorin da Abuja, duk kudu da mu. Awo mai tsabta daga karkarar Kano ko Jigawa abu ne da masu wannan fanni za su so gani. Ƙauye ma a nan ya fi birni, saboda ƙarancin motoci da wayoyin wuta.

Kayan ba su da tsada: ƙaramin ma'auni irin RM3100, da 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, da bututun roba na ruwa da za a binne ma'aunin a ciki don zafin rana kada ya riƙa karkatar da awon, da ƙaramin sola. Sai dai odarsu ake yi daga waje, farashin yana bin dala, in abu ya ƙone kuma sai jira. Ƙarfin maganaɗisun duniya a nan ya haura nanotesla 30,000 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ke nan), igiyar tsakar rana tana ƙara kimanin 100 ko fiye, babbar guguwa irin ta 10 da 11 ga Mayu 2024 kuma ta rage shi da kusan 400 a ma'aunin duniya. Babur ɗin da ya gifta kusa, ko injin ban-ruwa a fadama, ko garmar shanu da aka jingine a gefe, kowanne yana iya shiga awon ya ɓata shi. Doguwar waya a fili tana jawo ɓarnar tsawa, gara da ɓera suna cin rufinta, batir da sola kuma suna da masoya. Kafin ka haƙa rami ka binne abu mai waya, ka je ka gai da mai unguwa da dagaci ka yi musu bayani, ka kuma nuna wa yaran makarantarku. Abin da mutane suka san amfaninsa su ne masu gadinsa.

Ga inda take faɗuwa: ba ta ganin ƙulli. Idan maganaɗisun iskar rana ya juya kudu, ƙulli yana buɗewa a bakin garkuwar duniya, tasirinsa kuma yana iya isowa igiyar samanmu cikin mintoci. Za ka iya kwatanta awonka da bayanan iskar rana na OMNI, ma'ajiyar NASA, ka cire awon wata tasha da ke nesa da ikwaita don ware igiyar ita kaɗai, ka fito da bincike mai kyau. Amma bincike ne a kan abin da ƙulli ya haifar. Ba zai ce komai a kan dalilin saurinsa ba. Wanda ya zaɓe ta ya sauya take tun farko, ya kuma san sai ya tara awon watanni da dama, kuma guguwa ba ta zuwa don ana jiranta.

Hanya ta huɗu: ɗakin gwaji

Na'urar MRX da Masaaki Yamada ya jagoranta a Princeton ta Amurka ta fara aiki a 1995. A cikinta aka gwada lissafin Sweet da Parker a 1998, aka auna alamar Hall mai kusurwa huɗu, shaidar rabuwar ayon da elektaron, a 2005, a 2014 kuma aka nuna cewa kusan rabin ƙarfin maganaɗisun da ya shiga yana komawa ga ƙwayoyi, kashi biyu cikin uku ga ayon, ɗaya ga elektaron. Akwai FLARE da ta fi ta girma a can Princeton ɗin, da TREX a Wisconsin, da na'urorin jami'ar Tokyo. Fifikon ɗakin gwaji shi ne maimaici: harbi ɗaya bai kai sakan ɗaya cikin dubu ba, a sake shi sau ɗaruruwa, a auna ko'ina. Masu neman wutar lantarki daga haɗewar nukiliya ma suna bibiya, don irin wannan ƙulli ne ke rushe zafin tsakiyar tokamak, na'urar da suke tsare filasma a ciki, farat ɗaya.

Gina irinta a gida, a cire shi daga lissafi. Ko ƙaramar na'urar filasma da aka tsara musamman don ƙasashe masu tasowa a ƙarƙashin Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar fiziks ta ICTP da ke Italiya tana aiki ne da bolt 15,000, ma'ajiyar cajinta tana kisa ko bayan an kashe wuta, kuma ba ma ta binciken ƙulli ba ce. Hanyar gaskiya ita ce digiri na uku a inda na'urar take. A Amurka gurbin yakan zo da yafe kuɗin makaranta da alawus, amma kuɗin jarrabawar Turanci da fom da fasfo da biza naka ne, dokokin biza suna sauyawa, ga shekara biyar ko shida nesa da iyaye da iyali. Kafin 2025, malamin jami'a ko kwaleji ta gwamnati yana iya bi ta TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Malamin sakandare ba ya cikin wannan layi. Ba a fafe gora ranar tafiya: abin da ke sa a kula takardarka shi ne aikin da ka riga ka yi ta hanya ta farko ko ta biyu.

| Ma'auni | Bayanan MMS | Kwaikwayo | Ma'aunin ƙasa | Ɗakin gwaji a waje |
|---|---|---|---|---|
| Ganin ƙullin | Kai tsaye, a maki huɗu | Duka, amma na lissafi | Tasirinsa kawai | Kai tsaye, da maimaici |
| Kuɗin farko | Kaɗan | Mai yawa | Matsakaici, da dala | Mai yawa kafin tafiya |
| Kuɗin yau da gobe | Data | Batir da gyara | Gyara da gadi | Alawus ke ɗauka |
| Jure ƙauye | Sosai | Zafi da wuta na damu | Tsawa, gara, sata | Bai shafe ta ba |
| Wuyar koyo | Matsakaiciya | Babba | Sauƙi a haɗa, wuya a tsabtace | Babba, amma da malamai |
| Babban haɗari | Rashin mai dubawa | Sakamakon bogi | Kauce wa take | Rashin gurbi ko biza |

Wa ya dace da wacce

Malamin sakandare mai albashi ɗaya da kwamfuta ɗaya, wanda tambayar saurin ce ta dame shi, ya ɗauki MMS. A ganina ita ce zaɓin mafi yawan masu karanta wannan. Haka matar aure ko mai jinyar iyaye da fita ke yi wa wuya, tunda aikin yana yiwuwa a tsakar gida bayan an sauke fayiloli, kuma ɗauke wuta ba ya ɓata abin da aka riga aka yi.

Wanda lissafi ya fi zauna masa, yana da sola mai ƙarfi a gida ko damar kwana da aiki a ɗakin kwamfutar sashensu, ya yi kwaikwayo, ya fara da nau'in ruwa kafin na ƙwayoyi. In yana da ƙarfin haɗa biyu, ya zaɓi lokaci ɗaya daga MMS ya kwaikwaye shi. Wannan haɗin ne ya fi kama da yadda manyan tawagogi ke aiki.

Mai son aikin hannu, wanda ke da gona nesa da titi da malamin da ya san saman iska, ya binne ma'auni, ya rubuta takensa a kan igiyar ikwaita da guguwar maganaɗisu. Makarantar da ke son abin nuna wa ɗalibai ma wannan ce tata, don yaro zai ga layin awo yana hawa da hantsi yana sauka da la'asar kowace rana.

Mai burin taɓa MRX ko FLARE da hannunsa ya yi digiri na biyu a gida ta hanya ta farko ko ta biyu, ya yi ƙoƙarin wallafa takarda ɗaya, ya nemi tarurrukan horo irin na ICTP a Italiya ko na cibiyar binciken sararin iska ta hukumar sararin samaniya ta Nijeriya, NASRDA, da ke Anyigba, sannan ya fara aika takardun neman gurbi shekara guda kafin lokacin da yake son tafiya.